Tambaya kan sassaƙan dutse na cocin Faransa: me ya sa makoki ya yi yawa a ƙarshen zamanin Gotik?

'Yar Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Ni ɗaliba ce mai karatun zane da sassaƙa a Zariya. An ba mu aikin rubutu a kan sassaƙan dutse na coci-cocin Faransa daga wajen 1380 zuwa 1530, wato ƙarshen zamanin da ake kira Gotik. Abin da ke hannuna hotunan cikin littafi ne, galibi baƙi da fari, sai 'yan kaɗan da na samo a intanet.

Ga abin da ya ɗaure mini kai. Mutum-mutumin ƙarni na 13, irin na ƙofofin majami'ar Reims, a tsaye suke cikin natsuwa, har akwai mala'ikan da ke murmushi. Amma da na zo kan na ƙarni na 15 sai gawa a kwance, mata na kuka, maza sun ja mayafi sun rufe fuska. Me ya faru a tsakani? Littafin namu kuma cewa ya yi a wannan lokacin fasahar ta fara lalacewa, ado ya yi mata yawa, sai da salon Italiya ya zo ya gyara ta. Ni dai raina bai kwanta da wannan magana ba, amma ba ni da hujja. In akwai wanda ya taɓa ganinsu ido da ido, don Allah ya taimaka mini.

Magini Damagaram:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki riƙe wannan shakkar taki da kyau, don tana kan hanya.

Ni mutumin Damagaram ne, gidanmu magina ne, neman abinci ya kawo ni yankin Burgundi na Faransa inda nake yankan dutse a wurin masu gyaran tsofaffin gine-gine. Ilimin jami'a ba ni da shi, amma dutsen da kike tambaya a kansa shi ne yake cika mini gashin ido da ƙura kullum, don haka da shi zan fara.

Yawancin ayyukan nan da dutsen farar ƙasa aka yi su. Lokacin da aka ciro shi daga rami akwai danshi a cikinsa, yana da taushin da zarto ke yanka shi, kurfi kuma ya bi hannunka duk inda ka nufa. In ya sha iska ya bushe sai ya yi ɓawo mai tauri a sama. Na garin Tonnerre fari ne, ƙwayarsa lukui, za ka iya fitar da silin gemu ko jijiyar bayan hannu ba tare da ya ɓantare ba. Wanda bai taɓa riƙe guduma a kan irin wannan dutse ba zai ɗauka mu'ujiza ce. Aiki ne: a fara da tsinin ƙarfe a rage tudu, a bi da kurfi mai haƙora, sannan mai faɗin baki, a ƙarasa da magagari. In kin samu hoton bayan wani mutum-mutumi, ɓangaren da ke jingine da bango, za ki ga sawun haƙoran nan a jere ba a goge ba.

Mutumin da ya juya akalar wannan sana'a a nan shi ne Claus Sluter, ɗan garin Haarlem ta ƙasar Holan. Philippe le Hardi, mai mulkin Burgundi, ƙanin sarkin Faransa Charles na biyar, ya kafa gidan 'yan zuhudu a Champmol, gefen birnin Dijon, a 1383, don ya zama maƙabartar zuriyarsa. Ya zuba sufaye 24 a ciki, ninki biyu na abin da aka saba, aikinsu yi masa addu'a. Sluter ya karɓi shugabancin masassaƙansa a 1389. Daga 1395 ya kama aikin da yanzu ake kira Rijiyar Musa, wanda asalinsa gindin wani dogon gicciye ne a tsakiyar farfajiyar sufayen. Gicciyen ya daɗe da faɗuwa. Abin da ya rage ginshiƙi ne mai fuska shida, kowace fuska da siffar dattijo ɗaya kusan tsayin mutum, waɗanda suka ce Musa ne da Dauda da Irmiya da Zakariya da Daniyel da Ishaya. Yau filin asibitin masu taɓin hankali ne wurin, ta cikinsa ake bi a je a gani.

Abin da hoto ba zai ba ki ba shi ne nauyi. Tufafin mutanen nan suna da nauyi, kin ga inda ulun ya rataya a kafaɗa, inda ya taru a gwiwar hannu, inda ya zubo ya rufe ƙafa har ya sauko kan dakalin. Sluter yana haƙa ninkin da zurfi, har hannunka ya shige, saboda inuwa ta kwanta a ciki. Tsofaffi ne na gaske: ɗaya sanƙo gare shi da jaka rataye a ɗamara, ɗaya ya sunkuyar da kai kamar gajiya ta ci shi, ɗaya ya juya yana nuna wa na kusa da shi rubutu da yatsa. Irmiya har tabarau na tagulla aka yi masa, lissafin kuɗin yana cikin takardun fada. Sama da su mala'iku shida sun buɗe fukafukai, wani na share hawaye, wani ya tallafe kumatu.

Kuma duk fentin launi ne da su. Wani mai zane, Jean Malouel, shi ya shafa musu shuɗi da ja da zinariya, har yanzu ana ganin saura a cikin ninki. Hoton baƙi da fari ya ɓoye miki rabin aikin, ruwan sama da masu kankare fenti sun cinye wani rabin tun kafin a ɗauki hoton.

Masu rufe fuskar da kika gani kuwa ina jin na kabarin shi Philippe ɗin ne. Ya rasu a 1404 a garin Halle kusa da Brussels, aka ɗauko gawarsa zuwa Dijon, masu rakiya sanye da baƙaƙen riguna masu hula irin alkyabba da aka raba musu. Wannan rakiyar ce aka mayar dutse. A ƙarƙashin allon baƙin marmara da siffarsa ke kwance a kai, an yi ƙananan baka-baka kamar barandar gidan sufaye, mutane kusan arba'in na alabasta, wani farin dutse mai taushi, suna tafe a ciki, kowanne tsayinsa bai wuce kamu biyu ba, wajen santimita 40. Sluter ya rasu kafin a gama, ɗan 'yar'uwarsa Claus de Werve ya ƙarasa a 1410. Yanzu suna gidan tarihi na Dijon, cikin tsohuwar fada, shiga kyauta ne, shi ya sa nakan leƙa in na tashi aiki da wuri.

Akwai guda ɗaya da nake daɗewa a gabansa. Hular ta sauko ta rufe shi gaba ɗaya, hannuwansa ma suna cikin riga, ba ido ba baki. Amma kina kallonsa kin san kuka yake, saboda yadda wuyan ya karye gaba da yadda yadin ya tattare inda yake damƙe shi daga ciki. Na kusa da shi ya toshe hanci da yatsu yana danne hawaye, wani ya sa yatsa a cikin littafi don kada shafin ya ɓace masa, ya juya wajen ɗan'uwansa. In kika durƙusa kika leƙa ƙarƙashin hular wasu, fuskar tana nan an sassaƙa ta cikakkiya, a inda mai tsaye ba zai taɓa gani ba. Duk wanda ya kira wannan lalacewar fasaha bai durƙusa ba.

Dalilin yawan makokin, kowa zai ce miki annobar 1348 da yaƙin da aka yi ta yi da Ingila daga 1337 zuwa 1453, kuma gaskiya ne mutanen sun ga gawa har sun gaji. Amma ki ƙara da wannan: masu biyan kuɗin aikin sun canza. A ƙarni na 13 manyan majami'u ake ginawa, siffofin suna can sama a ƙofa, ana kallonsu daga nesa. A ƙarni na 15 mai sarauta ko attajiri ne yake son ɗan ɗakin addu'arsa da kabarinsa, sai aikin ya sauko daidai idon mutum. A asibitin Tonnerre wani ɗan kasuwa, Lancelot de Buronfosse, shi ya biya aka sassaƙa jana'izar Almasihu a 1454, a wurin da marasa lafiya ke kwance. Abin da za a tsaya a gabansa taku biyu dole ya sha bamban da abin da za a hango daga bakin kasuwa.

Tsohon Katikis:

'Yata, sannu da ƙoƙari. Malam magini ya yi bayanin hannu, bari in ƙara na zuciya, tunda addinina ne.

Wancan da kika kira gawa a kwance da mata na kuka, saka Yesu a kabari ne, kuma mutanen ba a zuba su haka kawai ba. Dattijon da ke riƙe da likkafani ta wajen kai Yusufu ne mutumin Arimatiya, wanda ya roƙi gawar a wurin Bilatus ya ba da kabarinsa. Na wajen ƙafa Nikodimu ne, wanda ya kawo mur da al'ul. A tsakiya Maryamu uwarsa, almajirinsa Yohanna yana tallafe da ita, sai Maryamu Magadaliya da kwalbar turare, da sauran mata. In kin gane wannan tsari za ki iya karanta kowanne, ko na Solesmes na 1496 ne ko na wani ƙauye.

A waɗannan ƙarnuka masu wa'azi, musamman mabiya Faransis na Assisi, sun riƙa koya wa talakawa su yi addu'a kamar suna wurin da abin ya faru, su ji zafin a jikinsu. Yawancin mutane ba su iya karatu ba, sujada kuma da Latin ake yi. To sai dutse ya yi musu abin da littafi ba zai yi ba. Matar da ta binne ɗanta ta shigo ta tarar da wata uwar a gaban gawar nata ɗan. Ba don a tsorata ta aka yi ba, don ta san ba ita kaɗai ba ce.

Ki kuma kula, Zakariyan da ke Rijiyar Musa ba mahaifin Yahaya mai baftisma ba ne, wani annabi ne na Tsohon Alkawari. Ɗalibai kan haɗa su.

Abu Sumayya:

'Yar'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Nasiha ce kawai: sassaƙa siffar mai rai magana ce mai nauyi a addininmu, balle a ce wai siffar annabawa, Allah ya ƙara musu aminci. Mu kuma mun yi imani ba a kashe Annabi Isa ba, ba a gicciye shi ba. Ki yi karatunki don jarrabawa, amma ki tsare zuciyarki da hannunki. Malam magini, kai da kake cikinsu, yaya kake yi da wannan?

Magini Damagaram:

Malam Abu Sumayya, tambayarka a kan hanya take, kuma na gode da ka yi ta cikin mutunci. Aƙidata ita ce taka. A sana'ar nan an raba aiki biyu tun zamanin da muke magana: akwai mai yankan dutse, akwai mai fitar da siffa. Ni na farkon ne. Abin da ke fita daga hannuna sandunan taga ne masu lanƙwasa kamar harshen wuta, waɗanda suka ba salon wannan zamani sunansa na flamboyant, wato mai harshen wuta, da ganyen kabeji mai murɗe-murɗe da suke jerawa a gefen hasumiya, da duwatsun baka. Fuska ban taɓa yi ba, kuma maigidana ya sani, ba ya ba ni. Amma kallon aikin wanda ya riga ni riƙe kurfi da shekara ɗari shida, in gane yadda ya yi, wannan ban ga laifinsa ba, kuma ba ya sa in gaskata labarin da aikin ke bayarwa.

Su kansu Kiristocin sun yi rigima a kan wannan, Baba Katikis zai gyara mini in na kauce. A 1562 'yan Furotesta sun bi coci-coci a Rouen da Lyon da Orléans suna fasa siffofi. Juyin juya halin Faransa ya zo ya ƙara nasa, shi kuma don ƙin sarauta da limamai. An sayar da Champmol a 1791 aka rushe shi, aka wargaza kaburburan, sai a 1827 aka sake haɗa su a gidan tarihi, wasu daga cikin masu makokin sun riga sun bi hannun 'yan kasuwa, huɗu suna Cleveland ta Amurka har yau. A ƙofar cocin Notre-Dame ta Dijon an bi sassaƙan da guduma ɗaya bayan ɗaya, in ka tsaya a wurin tabon kowane bugu yana nan. Don haka ƙanwata, abin da kike karantawa ragowa ce. Ki faɗi haka a rubutunki.

Ni a wurina ma ba mai guduma ne ya fi ɓarna ba, mai gyara ne. Mun taɓa buɗe wani ɗan ɗakin addu'a a ƙauye inda wasu can baya suka liƙe tsagar dutse da siminti, suka ɗaure da ƙarfe. Siminti ya fi dutsen tauri, ba ya barin danshi ya fita, sai gishiri ya taru a bayansa. Ƙarfen kuma ya yi tsatsa ya kumbura ya tsaga abin da aka ce ya riƙe. Da na sa yatsa a gefen rigar wata siffa sai ta zubo gari a tafin hannuna. Ranar ban iya cin abincin rana ba. Abin da ya tsira daga yaƙi da juyin juya hali, buhun siminti ɗaya ya gama da shi. Mu da farar ƙasa da yashi muke liƙi, mai taushi, don in wani abu zai lalace ya zama liƙin ne.

Bari in koma kan maganar Baba Katikis, don akwai wurin da na ga abin da yake faɗa. Chaource ƙaramin gari ne kudu da Troyes, an fi saninsa da cuku. A cocinsa akwai jana'izar da aka sassaƙa a 1515, Nicolas de Monstier da matarsa suka biya, mai aikin kuwa ana kiransa Gwanin Chaource kawai. Ɗakin yana ƙasa, sai ka sauka 'yan matakala ka sunkuya ka shiga, kana ɗagowa sai ga sojoji masu gadi na dutse a gefenka, sun fi ka tsayi. Gabana ya faɗi. Can ciki mutanen suna kewaye da gawar, kuma ba mai ihu, ba mai ɗaga hannu sama. Uwar ta sunkuyo tana kallon fuskar ɗan, mayafinta ya yi mata rumfa a goshi, leɓɓanta a rufe. Launin ya kusa ƙarewa, saura ɗan shuɗi-shuɗi da ja. Ado ɗin da littafinku ke kuka da shi babu shi a nan ko kaɗan, ninkin rigunan ma a miƙe suke, 'yan kaɗan. Shekara fiye da ɗari tsakaninsa da Sluter, kuma hannun ya ƙara natsuwa ne.

Adon yana nan a wasu wurare, ban musa ba. Shingen dutse mai raba wurin limamai da na jama'a a cocin Sainte-Madeleine a Troyes, wanda Jean Gailde ya yi tsakanin 1508 da 1517, an huda shi an murɗa har ka rasa ta ina yake tsaye, haka na majami'ar Albi a kudu. Wani zai ce ya yi yawa. Ni da na san abin da ake sha kafin a huda dutse ya zama raga ba tare da ya karye ba, bakina ba zai iya faɗin haka ba. Kuma ba duka ne makoki ba: ki nemi Nostre Dame de Grasse da ke gidan tarihi na Augustins a Toulouse, siffar Maryamu ce, yarinya ƙarama zaune da jariri a cinya, ita ta juya nan shi ya juya can kamar zai zame, launinta kuma ya tsira sosai.

'Yar Tudun Wada:

Na gode ƙwarai Yaya magini, na gode Baba, Malam Abu Sumayya na ji nasiha. Yaya, saura abu ɗaya: akwai hoton wasu dogayen mutane takwas baƙaƙe ɗauke da wani a kafaɗa, shi ma na Dijon ne? Kuma an ce mu haɗa da ɗan aikin hannu, me kake ganin zan gwada?

Magini Damagaram:

Wannan kabarin Philippe Pot ne, babban hakimi a Burgundi, ya rasu a 1493 amma tun yana raye ya sa aka yi masa, wajen 1480. A gidan sufaye na Cîteaux yake da, yanzu yana gidan tarihi na Louvre a Faris tun 1889. Kamar masu makokin Sluter ne suka girma suka kai kusan tsayin mutum, suka fito daga ƙarƙashin baka suka ɗauki allon a kafaɗa, kowanne riƙe da garkuwa mai tambarin dangin mamacin. Ki lura da ƙafafunsu, a cikin tafiya suke. Ki kuma yi tunanin lissafin da aka yi kafin a ɗora allon dutse mai wannan nauyi a kan kafaɗu takwas kawai. Baƙin da kika gani fenti ne, dutsen farar ƙasa ne a ciki.

Aikin hannu kuwa, ki bar fuska, kin ga kin huta da maganar Malam Abu Sumayya, kuma dama ba a nan gwanintar take ba. Ki samu tsohon bargo mai kauri, ba atamfa ba, don ulu suke kwaikwayo. Ki rataya shi a bayan kujera ta yadda gefe ɗaya zai zubo ƙasa, ki ajiye fitila a gefe guda, ki zuba filasta a kwali ta daskare. Kada ki fara da layukan ninki. Ki fara gano inda nauyin ya rataya, daga nan duk ninkin ke tasowa, ki haƙa mafi zurfin tukuna har inuwa ta zauna a ciki, ƙananan su biyo baya. Filasta ta fi dutsenmu saurin ɓantarewa, don haka ki riƙa turo kurfin daga baki zuwa ciki. In kin gama ki ɗauki hotonsa da fitilar a gefe ki saka mana a nan, zan gaya miki inda hannunki ya yi sauri.